Maganin da Ba Ya Barin Gawa

A gidanmu na Maruta, idan an zuba maganin kyankyaso, sai da safe ake sanin ko na kirki ne. Mata su share ɗakuna su tara gawarwakin a tsakar gida, maza su fito su duba. Idan tarin ya yi tsibi, magani ya yi. Idan bai taka kara ya karya ba, to an surka shi da ruwa. Haka na taso na gani, kuma ban san akwai wata hanyar aunawa ba sai da furfura ta fara fito mini.

Mu biyu ne maza a wurin Inna, ni da Yaya, shi ne ɗan farinta. Da mahaifinmu ya rasu gida ya koma hannunsa. Yana sashen gabas da iyalinsa, ina na yamma da nawa, ɗakin Inna yana tsakiya, daf da masan da dukanmu muke shiga. Ni noma nake yi, gero da dawa da riɗi, da rani in yi facin kekuna a bakin hanya. Yaya yana da teburin kayan masarufi a zaure, sukari da gishiri da garin kwaki da sabulu da biskit. A ƙarƙashin teburin akwai jarkar fiya-fiya, maganin ƙwarin nan mai wari, yana ɗurawa a ƙananan kwalabe yana sayarwa.

Kyankyasan gidanmu manyan nan ne jajaye masu tashi. A masai suke kwana, daga nan su bi tsagar bango su shiga ɗakin Inna kafin su kai ko'ina. Da damina ta sauka sai su yi yawa har a same su cikin kwanon sha. Yaya kuwa ba ya wasa da su, saboda teburinsa. Lokaci-lokaci da la'asar sai ya ce kowa ya fito, ya yayyafa fiya-fiya a ɗakuna ya ja ƙofofi, ba za a buɗe ba sai magariba. Da safe a yi shara, a ga tsibi, ya tsaya a kansa yana taɓa gemu.

Inna tana da asma. Duk ranar da aka zuba maganin nan, warin yakan kama katifarta da zannuwanta, ta kwana biyu tana haki, ƙirjinta yana kuka kamar an danne mage. Ba ta taɓa cewa komai ba. Inna irin mutanen da ce, tana kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunan Yaya, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan tana son gishiri sai ta ce da ni, “A gaya wa wancan gishirina ya ƙare,” ko da kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Amma maganar cewa abin da yake yi yana cutar da ita, wannan ko a aike ba ta yarda ta aika ba.

Wata damina abin ya yi mata tsanani na kai ta asibiti a Birnin Kudu. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambaye ni yadda gidanmu yake, na gaya mata. Ta ce kada a sake kusantar da fiya-fiya inda tsohuwar take kwana. Ta ƙara da cewa su kansu kyankyasan, kashinsu da tsohuwar fatar da suke zubarwa, suna tayar da irin wannan ciwon. Na fito da magana biyu da ban san yadda zan haɗa su ba: kada a bar kyankyaso, kada kuma a zuba maganin da muka sani.

Na gaya wa Yaya a zaure. Bai ɗago daga ƙullin sukarin da yake yi ba.

“Ita Innar ce ta ce maka haka?”

“Likita ce ta faɗa.”

“Na ce ita Inna. Shekara nawa ina zubawa, ta taɓa buɗe baki ta ce yana damunta?”

“Yaya, ka san ba za ta faɗa ba.”

“To kai ma ka yi shiru.”

A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Muna taruwa a makarantar firamare bayan yara sun tashi, mu dattawa da 'yan tsaka-tsaki, muna zama a bencin da bai kai mu ba. Malaminmu tsohon malamin kimiyya ne a sakandare, ya yi ritaya ya dawo gida. Wata rana bayan an tashi na tsaya na kawo masa maganar. Wani mahauci da muke aji ɗaya shi ma ya tsaya don ya ji.

Malam ya share allo ya zana kyankyaso, da gashin bakinsa da komai. Ya ce kyankyaso ba ya girma yadda ɗan akuya yake girma. Fatarsa tauri gare ta, sai ya tsage ta ya fita, kamar maciji, sannan ya ƙara girma, kuma yana yin wannan saɓar sau da yawa kafin ya kai babba. Ya ɗiga alli a bayan kan zanen. Ya ce a nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da suke ɗiga wani ruwa cikin jininsa, masana suna ce wa irin wannan ruwa homon, aikinsa kai saƙo.

“Saƙon me, Malam?” in ji mahaucin. “Kyankyaso ma har da ɗan aike?”

Malam ya ce ƙwarai. Ya ce a cikin kowace ƙwayar jikin kyankyaso akwai umarnin da ya gado daga iyayensa, na yadda za a yi fukafuki, da na yadda za a yi ƙwai, duk suna nan tun ranar da aka ƙyanƙyashe shi, amma a rufe suke. Muddin ruwan nan yana yawo a jininsa, saƙon ɗaya ne: tukuna, kai yaro ne, kada a buɗe. Ya yi saɓa ya fito yaro, ya sake yi ya fito yaro. Sai ana gab da saɓar ƙarshe ruwan ya ɗauke, umarnin ya buɗe, ya fito da fukafukai cikakke. Bayan nan ruwan ya dawo, amma da wani aikin: a jikin macen shi yake gaya wa kitsen cikinta ya haɗa abincin da za a zuba a ƙwai. Akwai kuma wani ruwan daban, in ji Malam, da yake sa kitsen ya saki abin da ya tara ya zama sukari a jini idan kyankyaso ya gaji ko ya daɗe bai ci ba. Shi ya sa ko ka rufe abincinka duka ba zai mutu da wuri ba, da guzurinsa yake yawo.

“Ashe ya fi ni tanadi,” in ji mahaucin.

Sannan Malam ya zo kan abin da ya shafe ni. Ya ce an yi wani magani da yake kwaikwayon ruwan farkon. Idan ɗan kyankyaso ya taka shi, lokacin da ya kamata saƙon ya tsaya sai jikinsa ya ci gaba da jin ana cewa tukuna. Umarnin ya buɗe rabi da rabi. Sai ya fito ba yaro ba, ba babba ba, fukafukai a murɗe, kuma ba ya haihuwa. Ba shi da warin fiya-fiya, kuma a tsagogi ake sa shi, ba a kan shimfiɗa ba. Ya ce yana da tsohon ɗalibi a Kano mai sayar da magungunan gona, zai sa a nemo.

“Amma ka ji da kyau,” ya ce. “Ba za ka ga gawa ba. Manyan da suke nan za su ci gaba da yawonsu har ajalinsu ya zo. Masu tasowa ne za su lalace. Irin na masai kuma suna daɗewa kafin su girma. Sai ka yi zaton daga wannan damina zuwa waccan.”

Na ce haƙuri ba zai gagare ni ba. Ban yi tunanin haƙurin sauran mutanen gidan ba.

Da maganin ya iso na je wurin Yaya na durƙusa na ce ina neman alfarma.

“Ɗalibi ya iso,” ya ce da masu zama a bencin zaure. “Yau ina aka kai ku, harafin ba ko na ca?”

Na bari suka gama dariya, sannan na roƙe shi ya ajiye fiya-fiya a gwada nawa. Na yi ƙoƙarin faɗa masa abin da Malam ya ce. Da na kai wurin saƙo sai ya ɗaga hannu.

“Ban tambaye ka karatu ba. Zuba. Gobe da safe mu ga shara.”

“Ba za a ga komai a shara ba, Yaya. Abin da nake gaya maka ke nan.”

“Ku ji fa. Maganin da mai shi ya ce ba ya aiki tun ba a zuba ba.”

Na fitar da Inna zuwa inuwar dalbejiyar bayan gida. Na surka maganin yadda Malam ya nuna, na fesa a bakin masai da tsagogin bango da bayan randa. Da ya bushe na toshe tsagogin da suka fi girma da siminti, na yi wa ramin masai murfi na katako. Da yamma Inna ta koma ɗakinta, ta shaƙi iska, ta ce, “Ka zuba kuwa?” A daren ba ta yi tari ba.

Da safe matar Yaya ta share sashensu, matata ta share namu da ɗakin Inna. Aka tara a tsakar gida: ƙasa, ɓawon gyaɗa, tsinken ashana. Yaya ya fito ya tsaya a kan tarin kamar yadda ya saba. Ya sa ƙafa ya baje shi. Yana cikin haka wani ƙaton kyankyaso ya fito daga ƙarƙashin turmi ya ratsa tsakar gida da gudu. Matar Yaya ta yi guɗa.

Daga ranar gidan ya sauya. Ina gaishe da Yaya da safe ya amsa da ka, wata rana ma ba ya amsawa. Yaransa suka daina shigowa sashenmu cin tuwo. Idan matarsa ta ga kyankyaso ba ta kashewa, sai ta sa tsintsiya ta koro shi zuwa ƙofarmu ta ce, “Ga na mai gidanku nan, a kai shi makaranta.” Matata mai zafi ce, na sha riƙe ta.

Ba zan ce Yaya ba shi da hujja ba. Wata rana wata mata ta dawo masa da garin kwaki, ta nuna masa ƙafar kyankyaso a ciki a gaban mutane, ta ce ita da teburinsa sai a lahira. Ya shigo da ƙullin ya jefa a bakin ƙofata, gari ya watse har kan tabarmata.

“Ci,” ya ce. “Kai da 'yan'uwanka.”

Na ce zan zo in ɗora masa kayan a kan katako in samo masa bokitai masu murfi. Ya ce idan na taɓa teburinsa sai ya karya mini hannu. Na share garin na ba kaji.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai na fara ganin abin da Malam ya faɗa. Na farkon a bayan randar Inna na gan shi. Ya yi girma, ya yi duhu fiye da sauran, fukafukansa a cukuikuye kamar tsumman da aka matse ba a shanya ba. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Ban nuna wa kowa ba sai Malam, wanda ya ce in sake fesawa idan wata ya kama, in ci gaba da shara.

Amma ba ni kaɗai nake da ido ba. Matar Yaya ta ga ɗaya, ta ga na biyu. Magana ta fara yawo a bakin rijiya cewa tunda aka haife su ba su taɓa ganin kyankyaso mai irin wannan halitta ba, kuma a gidanmu kaɗai yake. Wata safiya da hantsi matar Yaya ta shiga kai wa Inna koko, ta fito da ihu. Ta ga farin kyankyaso a jikin bango, fari fat kamar an tsoma shi a nono.

Yaya ya kama shi da ransa ya sa a gwangwanin madara, ya haɗa da guda biyu masu murɗaɗɗen fukafuki a wani gwangwanin, ya aiko a kira ni zuwa zauren Kawu, ƙanin Inna, wanda shi ne babbanmu da ya rage. Na tarar da mutane sun fi yadda nake so.

“Kawu, duba,” in ji Yaya. Ya buɗe gwangwanayen. “Wannan maganin ƙwari ne? Magani ya kashe, mun sani. Wannan bai kashe ba, sai ya juya halittar Allah. A ɗakin tsohuwa kuma. Ruwan da ba shi da wari, ba a san me ke ciki ba, an karɓo daga hannun wani ɗan boko. Ni dai na ce wani abu aka sa a gidan nan, kuma ni ake nufi. So yake teburina ya mutu in tashi in bar masa gida.”

Kawu ya leƙa, ya ja da baya, ya yi a'uziyya. Ya dube ni.

Na ce, “Kawu, farin nan ba maganina ba ne ya yi shi. Saɓa ya yi yanzun nan. Kowane kyankyaso fari yake fitowa daga tsohuwar fatarsa, a ɓoye suke yi shi ya sa ba a cika gani ba. A ajiye shi zuwa la'asar, zai koma ja kamar 'yan'uwansa.”

“Masu fukafukan fa?”

“Waɗannan nawa ne. Haka aka ce za su fito. Ba za su haihu ba.”

“Kun ji da bakinsa,” in ji Yaya.

Kawu ya ce a rufe gwangwanin a bar shi a wurinsa, kowa ya tafi harkarsa. Bayan sallar la'asar muka dawo, mutane sun ƙaru. Kawu ya buɗe da kansa. Kyankyason ya yi ja, yana motsa gashin baki, ba abin da ya raba shi da na kowane masai. Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta ƙare.

“La ilaha illallahu,” in ji Yaya, da ƙarfi don na waje su ji. “Da safe fari, da yamma ja. Kuma ya faɗi lokacin da zai juya tun bai juya ba. Wa yake sanin irin wannan in ba wanda ya haɗa abin ba?”

Na ga kawuna suna gyaɗawa. Wani tsoho da muke sahu ɗaya a masallaci ya janye ƙafarsa daga kusa da tawa. Na ga duk abin da zan ƙara zai zama wata shaidar a kaina.

Kawu ba ya son rigima. Ya ce shi bai ga sammu ba, bai kuma ce babu ba. Ya tambaya ko tsohuwa ta yi haki tun da aka daina fiya-fiya. Na ce ba ta yi ba. Yaya ya ce Allah ne ya sawwaƙe mata. Kawu ya yanke cewa a bar ni da maganina har a gama girbi, kada kowa ya zuba wani abu, idan an kai lokacin ba a ga sauƙi ba Yaya ya yi yadda ya saba. Yaya ya tashi bai yi sallama ba, ya murƙushe gwangwanin da ƙafa a bakin zaure.

Bai jira girbin ba. Wata ranar kasuwa na tafi Birnin Kudu sayo kayan faci, matata kuma ta je barka a Kwandiko. Na dawo bayan la'asar. Tun daga zaure warin ya dake ni, har ya fi na kullum. Ƙofofin gidan duka a buɗe. Na tarar da Inna a zaune a ƙasa a bakin ɗakinta, ta dafa gwiwoyi, wuyanta ya miƙe, leɓɓanta sun yi duhu. Daga baya na ji yadda aka yi. Yaya ya zuba da hantsi, ya ninka yadda ya saba, ya ce a wanke gidan daga abin da aka sa masa, ya fi zubawa a ɗakin Inna tunda a nan aka ga farin. An fitar da ita zuwa bayan gida. Da hadari ya taso matar Yaya ta buɗe ɗakin ta mayar da ita don kada ruwa ya dake ta. Inna ta ji warin. Ta san kuma wanda ya zuba. Ta shiga ta kwanta, don ƙin shiga zai zama kamar ta ce ɗan farinta ya yi ba daidai ba.

Yaya yana tsaye daga nesa yana cewa a kawo mata ruwa. Na wuce shi na nufi Inna. Na ɗauke ta, ba ta fi buhun dusa nauyi ba, na sami mai mota a bakin hanya muka koma Birnin Kudu. A hanya ina riƙe da ita ina jin kowane numfashi kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Aka sa mata abin shaƙa, aka kwantar da ita. Ma'aikaciyar nan ta gane ni, ta ce, “Ba kai na gaya wa ba?” Na ce ni ne.

Kwanaki muka yi. Yaya ya zo a rana ta biyu tare da Kawu, da lemo a leda. Ya tsaya daga ƙofa kamar yadda ya saba idan Inna tana wuri. Kawu ya zauna ya yi mata sannu. Yaya ya ce da Kawu, ba da ita ba, ai ciwon nan na damina ne, bara ma haka ta yi, wataƙila ma abin da aka fesa mata a bango ne ya taru ya tashi.

Inna ta cire abin shaƙar daga fuskarta. Na zaci za ta ce da ni a gaya wa wancan. Sai ta juya kanta ta dube shi. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba.

“Kai,” ta ce. “Da kai nake.”

Kawu ya sunkuyar da kai. Yaya ya duba bayansa kamar akwai wani.

“Maganinka ne yake shaƙe ni. Bara shi ne, bana shi ne, shekarun baya ma shi ne. Na yi shiru don ba a faɗa. Yanzu na faɗa. Kada ka sake zuba mini.”

Ta mayar da abin shaƙar ta juya wa ƙofa baya.

Yaya ya ajiye ledar a ƙasa ya fita. Na bi shi waje, don na ga fuskarsa, na ji tausayinsa. Ya juyo.

“Ka ji daɗi? Ka sa uwata ta yi mini abin da ba ta taɓa yi ba, a gaban mutane. Kai ka cusa mata.”

“Yaya, ban ce mata komai ba.”

“Kada ka sake kirana Yaya.”

Kafin a sallamo mu ya sa an fara zubo ƙasa. Da aka gama girbi katanga ta tashi a tsakar gidan mahaifinmu, daga zaure har bayan gida. Ya haƙa nasa masan, ya bar mini tsohon da kyankyasansa. Kawu ya sa baki a kan abu ɗaya kawai, cewa ɗakin Inna ya faɗo ta wajena, Yaya bai yi musu ba. Na fasa ƙofa ta yamma, ta nan muke fita yanzu.

Na ci gaba da fesawa lokacin da Malam ya ce, ina shara, ina duba murfin masai. Da rani na lura na daina ganin 'yan ƙananan, masu kamar ƙwayar riɗi da suke watsewa idan an ɗaga randa. 'Yan kwanson ƙwan da nake samu a maƙale a bayan ƙofa su ma suka yi wuya. Manyan suka yi ta raguwa ba tare da wani ya tara su a tsakar gida ba. Ba su ƙare ƙaf ba, har yanzu wani yakan taso daga maƙwabta.

A zaure Yaya yana gaya wa mutane cewa zubin da ya yi ranar nan shi ne ya karya abin. Wasu sun yarda. Tsohon nan na masallaci har yau ba ya tsayawa kusa da ni. Yaya yana zuba fiya-fiyarsa a sashensa, kuma idan iska ta taso daga gabas warin yakan tsallako katanga. Na gane ranakun da yake yi. Da na ji matarsa tana fitar da kwanuka sai in ɗauki tabarmar Inna da butarta in kai ƙarƙashin dalbejiya, in rufe tagarta da buhu, ba za ta koma ba sai na shiga na shaƙa da kaina.

Inna ba ta sake yi wa Yaya magana ba. Ta koma yadda take. Ran sallah ta ba matata tuwon shinkafa a kwano ta ce a miƙa wa wancan ta kan katanga. Aka miƙa, kwanon ya dawo a wanke, ba saƙo.

Damina ta sake zagayowa, ta yi ruwa sosai, masai ya cika da ɗumi irin wanda kyankyasai suke so. Ina kasa kunne ta bangon da ya raba ɗakina da na Inna. Har aka yanke gero ban ji kukan ƙirjin nan ba, kuma ba mu taka hanyar asibiti ba. Wata safiya ina share mata ɗaki na ga ɗaya a bayan randa, mai murɗaɗɗen fukafuki, yana tafiya a hankali. Inna tana zaune a bakin gado tana shan koko. Ta ce in bar kallonsa in kashe, ta gaji da ganin mummunan abu a ɗakinta. Na sa takalmi na kashe shi, na share na fitar.